Lambar da Ya Haddace

Mai haɗa sola ya ajiye biro, ya dubi dattijuwar.

"Mama, tsakani da Allah, ba ki da firji, ba ki da talabijin. Kuɗin wutar da kike biya a wata bai kai na buhun gawayi ba. Sai kin shekara ashirin kafin sola ta mayar miki da kuɗinki, batirin kuwa shekara huɗu ya mutu."

"Na ji. Hau rufin."

Gonarta ta Michika ta sayar saboda wannan aiki. Rabonta da garin tun ranar da 'yan bindiga suka shigo, ta samu motar Jimeta, ɗanta ya koma kwance awaki. Shekara goma ke nan ba labarinsa. Kuka ma ta daina tuntuni.

Da la'asar mai haɗa solar ya gama, ya ce ta kawo abin gwaji. Ta kwance bakin zani, ta fito da 'yar waya mai tocila, an ɗaure murfinta da roba.

"Wannan kaɗai, Mama?"

"Lambar nan kaɗai yarona ya haddace."

Ta jona cajar da hannunta, ta zauna a tabarma.

"Bara wuta ta ɗauke kwana tara, na kai ta wurin mai caji. Ya kashe ta, wai don ta cika da wuri. Da na kunna, saƙo ya shigo: wata lamba ta neme ni sau biyu."

"Kin kira?"

"Kullum. A kashe take."