Malamin da Ya Koya wa Mansura Waƙafi

Tsartuwar goron Malam Cindo ta sake sauka a gefen takardar Mansura. Ya sa babban yatsa ya murje ta, ya ci gaba da zana jan biro. Mansura ta kau da kai.

Ungozoma ce a gidan likitan Gazawa. Wata ƙungiyar agaji ta ware gurbi ɗaya na karatu a ƙasar waje, mutum biyu suka rage a takara, ita da wani, jarrabawar rubutun Ingilishi ce za ta raba gardama. Mansura kuwa da Faransanci ta yi lakol, wato makaranta. Ana cikin haka sai ga Cindo ya kawo kansa har gida, ya ce ya daɗe a Katsina, zai koya mata don Allah. Wa zai ƙi ruwan sama a bakin rani?

Lokacin sojoji na shirin miƙa mulki, motocin 'yan siyasa sun cika gari da kiɗa. Ita ko leƙawa ba ta yi. Tana tashi daga aiki sai tabarma, ta rubuta bayanin mai naƙuda da na mai hawan jini, shi kuma ya bi yana kashe waƙafi. Inda ta sa, ya ce cire. Inda ta cire, ya ce mayar.

Mutumin ƙazami ne na gaske. Ga hamami, ga kaki yana tofarwa kusa da randar ruwa, ga sakace da murfin bironta. Abin mamaki, sunayen magunguna ba sa ba shi wahala, har awon jini ya taɓa gyara mata. Ta ce a ranta, mai ilimi ke nan, ko ƙazami ne sai an haƙura da shi.

"Madam, waƙafi shi ne numfashin magana," in ji shi. "Taki maganar kuwa ta shaƙe. In kika tahi haka, dariya za su yi maki."

Tun tana ƙyamarsa har ta koma ƙyamar kanta. Matar da ke karɓar haihuwa hannu bai rawa, yau ɗan ɗigo mai wutsiya ya sa ta gumi.

Da jarrabawa ta matso, ya tattara rubutunta ya girgiza kai. "Ki bari sai baɗi, ɗiyata. Janyewa ta hi kunya." Ta yi kukanta ta share, har ta yi masa godiya da zabbi biyu.

Ta hau mota zuwa Maraɗi, ta shiga buron ƙungiyar, wato ofishinsu, ta ce a cire sunanta. Sakatariyar, wata Balki, ta yi ta ba ta baki, ta ce wannan gurbi ba ya dawowa. Mansura ta dage, ta sa hannu.

Balki ta buga hatimi, ta yi tsaki. "To, ɗayan ya ci zaɓe ba hamayya."

"Wane ne?" in ji Mansura, don dai ta yi masa fatan alheri.

"Wani malamin asibiti ne daga Agye. Ai yanzu garinku yake zaune ma. Cindo sunansa."