Allura a Cinyar Maigida

Shekara goma sha tara kifi bai taka ƙofar gidan Malama ba. Tun tana amarya maigidanta, mai gyaran agogo, ya gaya mata yana da mugun borin jini: loma ɗaya ta kifi, maƙogwaro ya kumbure, numfashi ya tsaya, sai dai a ɗauki gawa.

Malama ta riƙe maganar hannu bibbiyu. Ba ta sayen gwangwani sai ta karance bayansa. Ta nemo allurar gaggawa da kanta, wata nas maƙwabciyarsu ta koya mata sokawa, ta yi ta gwaji a jikin lemo. Shi kuwa gogan, ko da wasa bai yarda ya bi ta asibiti ba.

Wata Asabar ƙanwarta ta gayyace su cin abincin rana. Maigida ya hango wasu 'yan soye-soye a faranti. Ya ci ɗaya, ya lumshe ido, ya ƙara huɗu.

"Kai, ƙanwata, Allah ya yi wa hannun nan albarka! Me kika sa ciki?"

"Kifi ne kawai da albasa, Yaya. Au! Na manta!"

Kafin ya haɗiye, Malama ta kai shi ƙasa. Ta ɗora ƙafafunsa kan kujera, ta zaro allura daga jaka.

"Wallahi lafiyata ƙalau!"

"Haka ake cewa kafin a sume. Ke, kira motar asibiti!"

Ta danna masa a cinya, ta saman wando. Ihun da ya yi ya tabbatar mata numfashi bai tsaya ba tukuna. A mota ta riƙe hannunsa tana kuka, tana yafe masa laifukan da ma bai nemi gafararsu ba.

Likita ya yaba mata, ya ce a irin wannan hali jinkiri ne ke kisa. Sannan ya ja labule, ya haska maƙogwaro, ya dudduba fata. Malama ta kasa kunne daga bayan labulen.

"Ban ga kumburi ba ko kaɗan. Wane likita ya ce kifi na yi maka illa?"

Maigida ya sassauta murya.

"Rufa min asiri, likita. Ran da ta fara dafa min kifi, kunya ce ta hana ni in ce ba daɗi."