Wa Ya Haƙa Tekun?

Wata Lahadi da Baba bai fita da tasi ba, muka taso daga unguwarmu ta Bronx, muka hau jirgin ruwa zuwa wani tsibiri mai tsohuwar ganuwar soja. Lokacin ina 'yar firamare. Ginin jan dutse ne, zagayayye, iska kuma sai warin gishiri.

Baba ya daɗe dafe da bangon. Ya ce, "A Kano, inda aka ɗebi ƙasar gina badala shi ya zama rami, damina ta cika shi, ya tare mahara. To waɗannan ina nasu ramin?"

Na waiga. Ruwa ne iya ganina, manyan jirage na ratsa shi. Na nuna teku na ce, "Baba, ga shi can!" Har zuciyata na ɗauka mutane ne suka haƙa shi.

Bai yi dariya ba. Ya zuba wa ruwan ido, ya ce, "Lallai kuwa, Uwata. Sun sha aiki."

Baba ya rasu. Bara na kai ɗana wurin, ya tambaye ni wa ya yi tekun. Na ce Allah ne. Amma sai da na ɗan yi jim.