Mai Man Gyaɗa da Injin da Ya Daɗe a Kwali

Ka ce mini aikin nan ya daɗe a gabanka, kullum sai ka ce gobe, har ka fara kiran kanka malalaci. Kada ka yi saurin yanke wa kanka hukunci, saurari wannan tukuna. An yi wata mata a garinmu mai sana'ar man gyaɗa. Tun rasuwar mijinta, maƙwabtanta mata ke shigowa da hantsi suna taya ta matsar mai a turmi, ana juya tunkuza ana hira har azahar. Da ƙugu ya fara damunta, sai ɗanta da ke aiki a birni ya aiko mata da injin matsar mai. Ta yi godiya, ta sa albarka, ta tura kwalin bayan ƙyaure. Damina ta wuce, kaka ta zo, inji na nan ƙura ta rufe shi. In ɗan ya bugo waya ta ce mai haɗawa ne bai zo ba. Shi ya ɗauka tsoron inji take yi, ƙanwarta ta ce taurin kai ne irin na manya, ita kuma ta ce da kanta kasala ce. Ƙugun kuwa sai ƙaruwa yake yi, har ruku'u ya fara gagararta.

Tana zuwa ajin yaƙi da jahilci da yamma. Da malamarsu ta ji kukanta, ba ta yi mata faɗa ba. Cewa ta yi, "Iya, duk ranar da kika ce gobe, ki rubuta dalili, ki karanta wa kanki da ƙarfi. In kin ji ba gaskiya ba ne, ki soke." Ta rubuta cewa ba mai haɗawa, ta karanta, ta tuna makanikin na bakin layinsu, ta soke. Ta rubuta tsadar fetur, ta soke. Kwanaki suna tafiya, dalilai suna ƙarewa, har ran nan ta zauna da fensir ba abin rubutawa. Can sai hannunta ya rubuta, "In inji ya tashi, wa zai ƙara shigowa gidan nan?" Ta karanta, ta daɗe tana kallon layin, ba ta soke ba. Ashe tana son hutun ƙugunta, tana kuma tsoron shirun tsakar gida, su biyun ke ja-in-ja a ranta, ita ta tsaya cik a tsakani.

Washegari ta daure ta faɗa wa matan, tana jin nauyi. Babbar cikinsu ta ajiye taɓarya ta ce, "To inji ne zai mulmula ƙuli? Mu ma ƙugun nan muke fama da shi, kunyarki muke ji." A makon nan aka kira makaniki. Yanzu inji ke matsa, su kuma suna zaune a tabarma suna mulmula ƙuli, hira ba ta ragu ba.

Kai ma nemi takarda ka zauna da kanka. Ni ba zan iya faɗa maka abin da ke riƙe da kai ba, don Hausawa sun riga sun ce, mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.