Fim Ɗin da Mijina Bai Ƙarasa Ba

A ƙauyenmu ba a korar baƙo ranar bikin da kowane gida ke yi wa waliyyinsa, shi ya sa na zaɓi ranar. Maimakon gahawa da sukarin da aka saba kaiwa, faifan fim na dire wa maƙwabcina a gaban baƙinsa.

"Meye wannan, maƙwabciya?"

"Tsohon fim ɗin shari'ar masu laifin yaƙi. An wanke hoton tas, har gumin waɗanda ake tuhuma ana gani."

Ya murtuke fuska. "Ina da kaset ɗinsa."

"Na sani. Yana cikin na'urar bidiyonmu ranar da ka zo da sojoji, kuka tafi da bidiyon da mijina. Kallonsa yake yi, bai kai wurin yanke hukunci ba. Kunna, munafuki, yau tare za mu ƙarasa masa."