Ƙuri'ar Usaini

Hure ta tsaya gaban bangon firamare inda aka manna sakamako. Ba ta iya boko ba, amma fuskokin mutane sun karanta mata. Alhaji Mati ya sake cin kujerar majalisar jiha, karo na huɗu.

Lissafin mazaɓar nan ko akuya ta haddace shi. 'Yan kasuwar gari suna bin adawa, ƙauyukan bakin titi suna bin wanda ya raba taki, sai a yi kankankan. Akwatin Tsamiyar Kwari, ƙauyen su Hure can ƙetaren rafi, shi ke raba gardama, kuma kullum Alhaji yake ba. To wa zai gina wa mutane gada alhali ƙuri'arsu tana aljihunsa?

Bana kuwa ƙauyen ya gaji. Sun gaji da ɗaukar gero a ka ruwa iya ƙirji, sun gaji da naƙuda ta kama mace da damina. Aka yi shawara bayan sallar Juma'a, kowa ya yarda a zaɓi Malam Abdulƙadir, malamin makarantar da ya yi alkawarin gada. Hure ta bar shirin gonar da take nomawa ita kaɗai, ta bi gida-gida. Ranar zaɓe ta ƙirga layi da idonta, mutum ɗari da tara.

Akwati ya haifi ƙuri'a ɗari uku.

Ta sa wani malami ya duba mata rajista. Ga sunan mijinta nan, Usaini Badaru, an ja masa layi, ya yi zaɓe. Mutumin da ko sunan Alhaji ba ya son ji, ga shi zaɓe uku a jere bai yi fashi ba, kuma ba a taɓa ganinsa a layi ba. Haushi ma ya ƙi zuwa mata, gajiya ce kawai.

Ta sami mai unguwarsu Sabo a zauren gidansa na cikin gari, ta durƙusa.

"Baba, don Allah ku ƙyale Usaini ya huta haka nan."

Tsohon ya sunkuyar da kai, ya ce shi ma takarda ake kawo masa ya sa hannu.

Ta tashi ta kama hanyar gida, ta naɗe zani ta shiga rafin, daidai mashigar da ruwa ya cinye Usaini shekara tara da suka wuce.