Durƙuson Baba Ɗanliti

Tun da aka kafa sabuwar doka, duk mai son ci gaba da rubuta labarin wani marubuci sai ya je ɗakin karatu ya karanta wa jarumin labarin abin da ya rubuta, ido da ido, a allon bango.

Ranar Talata Lantana ta rufe shagon ɗinkinta ta tafi. Baba Ɗanliti ya bayyana a allon yana goge hannu da tsumma. Shi ne direban tirela na littafin da ta fi so tun tana yarinya, mutumin da bai taɓa ba kowa haƙuri ba. Ta karanta masa babinta, inda ya durƙusa gaban 'yarsa yana neman gafara.

"'Yata, ni ba haka nake ba," in ji shi. "Wa ya ƙi ba ki haƙuri a gida, kika zo nema a bakina?"

Tsohon ya lanƙwasa gwiwa da ƙyar, ya kai ƙasa.

Lantana ta rufe fuska da mayafi. "Don Allah tashi, Baba."

"Ba ki rubuta inda na tashi ba."